Mutum 42 na Azmawet: Matsayin Ƙananan Garuruwa a Jerin Ƙidayar Ezra da Nehemiya

Babi na 2 na littafin Ezra yana daga cikin sassan Littafi Mai Tsarki da mai karatu kan tsallake, domin ba ya ƙunshe da komai sai sunaye da alkaluma. Jeri ne na Yahudawan da suka komo daga bauta a Babila bayan umarnin Sarki Sairus na Farisa, wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu. An maimaita shi kusan sukutum a babi na 7 na littafin Nehemiya. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga ƙananan garuruwan da ke cikinsa.

Jimillar da littattafan biyu suka bayar ɗaya ce, wato 42,360. Zuriyar Farosh kaɗai ta kai 2,172. Amma a tsakiyar jerin sai salon ya sauya daga sunayen kakanni zuwa sunayen garuruwa, alkaluman kuma suka ragu ƙwarai: Baitalami 123, Netofa 56, Anatot 128, Nebo 52, Azmawet 42. Marubucin bai dunƙule su cikin manyan dangogi ba, bai kuma cike musu adadi ba.

Domin a gane dalili, sai a dubi sauran ƙidayoyin nassin. Ta babi na 1 na Littafin Ƙidaya lissafin mayaƙa ce, ta kai 603,550. Wadda Dawuda ya yi a ƙarshen Sama'ila ta Biyu ta jawo annoba, kuma masu sharhi da dama na danganta laifin da dogaro ga yawan runduna. Jerin Ezra ba shi da sarki Bayahude da zai yi alfahari da shi, ba shi da rundunar da za a shirya. Lissafin ragowa ne, wato waɗanda suka tsira. A irin wannan lissafi mutum 42 hujja ce cewa garinsu bai shafe ba.

Anatot ta fi ba da haske. Ita ce mahaifar Annabi Irmiya, kuma mutanenta sun nemi ransa har ya yi musu annabcin hallaka a babi na 11. Amma a babi na 32, sa'ad da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, ya sayi gona a Anatot daga ɗan baffansa Hanamel a kan shekel 17 na azurfa, aka adana takardun cinikin cikin tukunyar ƙasa. Ciniki ne da ba mai hankalin kasuwa da zai yi. A ganina, adadin nan na 128 shi ne amsar wannan ciniki, ko da yake littafin Ezra bai ambaci gonar ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen neman asiri a cikin kowane adadi. Idan aka tara alkaluman Ezra, 29,818 ake samu. Na Nehemiya kuwa 31,089. Betel da Ai 223 ne a ɗaya, 123 a ɗayan. Hannun masu kwafi ya taɓa lambobin, sunayen garuruwan ne suka fi tsayawa daram.

Jerin kuma yana da kaifi. Mutum 652 da suka fito daga Tel-mela da Tel-harsha da maƙwabtansu sun kasa tabbatar da asalinsu. Gidajen firistoci uku, ciki har da na Hakkoz, sun rasa sunansu a littafin asali, aka hana su cin abinci mafi tsarki har sai an sami firist mai Urim da Tummim. Duk da haka an rubuta su, ba a share su ba. A babi na 3 na Nehemiya kuwa, Meremot ɗan Uriya, jikan Hakkoz, ya gyara sassa biyu na garun Urushalima, kuma a babi na 8 na Ezra a hannunsa aka auna azurfa da zinariyar Haikali.