Yadda Ake Auna Himmar Ɗaliban Jami'a

Ɗalibin da ya gama aji shida a Rabah, Wurno ko Goronyo, in aka tambaye shi jami'ar da yake so, yawanci suna yake bi. Wani ya ce Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Wani ya ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, mai sunan Sardauna, haifaffen Rabah. Suna yana da nasa amfani, amma ba ya nuna abin da ɗalibi ke yi da ranakunsa bayan ya shiga. Iyayen da suka sayar da hatsi ko dabba domin kuɗin makaranta kuwa, wannan suke bukatar sani.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa takan aika masana su duba kwasa-kwasai: yawan malamai, littattafan laburare, da kayan ɗakin gwaji. Wannan yana auna abin da jami'a ta mallaka. Ko ɗalibai suna amfani da shi, wannan tambaya ce dabam.

Domin amsa irin wannan tambaya aka fara wani bincike a Amurka a shekarar 2000, ƙarƙashin Farfesa George Kuh na Jami'ar Indiana. Ana kiransa NSSE a taƙaice. Ɗalibai 'yan shekarar farko da 'yan shekarar ƙarshe ake tambaya, kuma tambayoyin a kan ayyukansu ne. Awa nawa kake karatu a mako? Sau nawa ka yi tambaya a aji? Sau nawa ka yi aiki tare da 'yan'uwanka ɗalibai? Ka taɓa tattauna darasi da malami bayan an tashi? Kowace jami'a takan karɓi sakamakonta tare da na wasu jami'o'i irinta, domin ta ga inda ta gaza. Ostireliya ta fara nata a 2007, Jami'ar Free State kuma ta jagoranci irinsa a Afirka ta Kudu.

Akwai abubuwa uku da mai karanta irin wannan sakamako zai kiyaye.

Na ɗaya, a kwatanta abu da irinsa. Manomin fadamar Wurno ba ya gwada amfanin shinkafarsa da na mai gero a tudu. Haka nan jami'ar da ɗalibanta ke kwana a cikinta ba ɗaya take da wadda ɗalibanta ke zuwa daga gida bayan sun tashi aiki ba.

Na biyu, a duba mutum nawa suka amsa. A ce an ba ɗalibai 1,000 takarda, 100 kaɗai suka mayar. Mai yiwuwa masu himma ne suka amsa, malalata suka yi shiru, sai jami'a ta fito fes alhali ba haka take ba.

Na uku, ɗalibi ne ke ba da labarin kansa. Wani zai ce awa 20 yake karatu alhali 10 ne. Shi ya sa ake ɓoye sunan mai amsa, kuma ake haɗa sakamakon da wasu shaidu, kamar makin jarrabawa.

Ga aikin gida. 'Yan aji biyar su tsara tambayoyi biyar irin waɗannan, su raba wa ajinsu da aji shida ba tare da rubuta suna ba. Su ƙirga takardun da suka dawo, su kwatanta azuzuwan biyu, su kai wa malamin aji. Kafin ku raba takardar, kowa ya fara amsa ta shi kaɗai da gaskiya, domin irin waɗannan tambayoyi za ku yi wa yayyenku da ke jami'a kafin ku cika fom ɗin JAMB.