Baƙin Tsuntsaye a Bakin Tafki

Idan sanyin hunturu ya fara ja da baya, watau daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa Maris, ruwa ya kan yi ƙaranci a ƙasar Batsari da Safana. Rafukan da suka cika suka batse da damina sun koma yashi, kududdufan bayan gari sun ƙafe, sai tafki ɗaya ko biyu na cikin fadama ke riƙe da sauran ruwa. Can makiyayi ke kora shanunsa, can mai lambu ke ɗiba, can kuma tsuntsaye ke taruwa. Saboda haka babu lokacin da ya fi wannan daɗin kallon tsuntsayen ruwa, don ba sai an sha wahalar nemansu ba.

Yaron Karare da ya zauna a bakin irin wannan tafki da sassafe, zai fara ganin waɗanda ya sani tun yana goye. Ga belbela fara fat tana bin sawun shanu. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, yana dakon kifi ko kwaɗo. Ga zakaran kekuwa, wanda da ya hangi mutum sai ya cika wurin da ƙara, ya tona masa asiri. In ruwan na da faɗi, a kan sami kirinjijiya masu farar fuska, suna tashi garke guda suna fito. Galibin waɗannan 'yan gida ne, a ƙasashenmu su ke yin sheƙa, a nan su ke ƙyanƙyasa.

Amma in yaron ya ƙara haƙuri, ya duba gefen taɓo da kyau, zai ga waɗansu da ba a taɓa ganin sheƙarsu ko ƙwansu a ƙasar Hausa ba. Akwai masu dogayen ƙafafu da siririn baki, kalar ƙasa, suna tsattsagar laka. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, kullum yana kaɗa wutsiya, yana kama ƙwarin da ƙafafun shanu ke tayarwa. A manyan ruwaye, irin su madatsar Zobe ta kusa da Dutsin-Ma da madatsar Jibiya, a kan ga wata ƙaramar agwagwa, namijinta na da farin zane daga saman ido zuwa wuya. Duk waɗannan baƙi ne. A Turai da arewacin Asiya aka ƙyanƙyashe su. Da sanyin can ya matso, ruwa ya daskare, ƙwari suka ɓace, sai suka taso suka yi kudu, suka iso nan bayan damina. Yanzu kuwa ƙanƙarar can ta fara narkewa, suna shirin komawa gida.

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba. Har waɗansu masu ilmi na dā sun ce wai tsattsewa cikin laka ta ke shiga ta yi barci, sai zafi ya dawo ta fito. A shekarar 1822, kusa da wani gari mai suna Kulutz a ƙasar Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai. Da aka ɗauko ta sai aka ga wani dogon makami na katako, mai tsinin ƙarfe, ya soke ta a wuya, ya huda ya fita. Aka bincika, aka tarar aikin mutanen Afirka ne. Ashe wani maharbi ne ya jefe ta a nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da makamin nan a wuyanta har ta kai Jamus. An cusa fatarta, tana nan ajiye a jami'ar birnin Rostok har yau.

Daga baya, a shekarar 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fito da wata dabara. Ya kan kama tsuntsu, ya sa masa ɗan zobe na ƙarfe marar nauyi a ƙafa, mai lamba da adireshi, sa'an nan ya sake shi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aika da labari. Ta haka aka gane hanyoyin da tsuntsaye ke bi, kuma har gobe ana sa wannan zobe. In yaro ya tsinci mataccen tsuntsu mai zobe, abin da ya kamata shi ne ya kai wa malaminsa, a rubuta lambar da ranar da wurin, a aika.

To, komawar nan ba ƙaramin aiki ba ce. Tsakanin ƙasar Hausa da Turai akwai hamadar Sahara, faɗinta ya fi kilomita 1,500, bayanta kuma ga Bahar Rum. A hanyar ba tafki, ba ciyawa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tsuntsu kuwa ba shi da salka, ba shi da burgami. Guzurinsa kitse ne, a jikinsa ya ke ɗauka. Shi ya sa a makwannin nan baƙin ba su da aiki sai ci, tun hudowar rana har faɗuwarta. A shekarun 1960 waɗansu masana sun zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsaye da raga suna aunawa suna saki, suka ga yadda su ke ƙiba kafin su tashi. Akwai ƙananan da nauyinsu kan kusa ninkawa biyu. Wanda ya tara kitse sosai ya ƙetare. Wanda bai tara ba, ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar rairayi, ya faɗi, shi ke nan.

Wannan ya sa korar tsuntsaye daga bakin ruwa da bazara ba wasa ba ne, ko da yaro bai jefi ko ɗaya ba. Duk tashin da garke ya yi a firgice, ya ƙone kitsen da ya wuni yana tarawa. Mai danƙo ya kan kashe ɗaya, amma ya hana ɗari kiwo.

Mai son kallo ya kan fito da sassafe ko da la'asar sakaliya, don da tsakar rana tsuntsaye kan lafa, zafi kuma ya sa iska ta riƙa rawa a kan ruwa har ido ya kasa rarrabewa. Ba ya sa farar riga ko ja, sai mai duhu ko kalar ƙasa. Ba ya miƙewa tsaye ya nufi tsuntsu kai tsaye. Ya kan nemi gindin itace ko bayan suri ya zauna, ya yi shiru, ya bar tsuntsayen su manta da shi. Bayan ɗan lokaci su da kansu za su matso. In makaranta na da madubin hangen nesa, madalla. In babu, ido da haƙuri sun isa, tare da ɗan littafi da fensir. A rubuta rana da wuri, da yawan tsuntsayen, da kamanninsu: tsawon baki, launin ƙafa, da yadda su ke tashi. In an koma bayan mako biyu aka sake ƙirgawa, za a ga baƙin sun ragu.

Ɗaukar hoto ma haka ta ke. A dā sai mai kyamara, yanzu kuwa wayar hannu ma ta kan yi, in tsuntsun babba ne kuma ya matso. Mai ɗauka ya bar rana a bayansa, don haske ya faɗa kan tsuntsun, in ba haka ba sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Ya durƙusa ko ya kwanta, yadda idonsa zai yi daidai da na tsuntsun. Ya dafa gwiwar hannunsa a kan gwiwar ƙafa don kada wayar ta girgiza. Abin da ba a yi shi ne jifa ko tafi don tsuntsu ya tashi a ɗauke shi yana shawagi. Hoton da aka samu ta haka bai kai ɓarnar da aka yi ba. Tun da kuma 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gefen Dajin Rugu a shekarun nan, yara ba su fita su kaɗai. Sai tare da malami ko wani babba, da yardar iyaye, kuma a ruwan da ke kusa da gari.

Wurin da baƙin nan suka fi taruwa a arewacin Nijeriya shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, inda a kan ƙirga dubban ɗaruruwa. A can ne Dagona ta ke, wadda aka keɓe domin tsuntsaye, har Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce ta a 1989. Amma fadamar ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, don ambaliyar da ke cika ta ba ta kai ta dā ba. Tsuntsu kuwa ya kan ƙare a ƙasa. Tsofaffi sun san gauraka, mai tukkun zinariya, suna jin kukanta a fadamu da yawa. Aka yi ta kama ta ana sayarwa, wuraren kiwonta suka bushe, yau da wuya a ga ko ɗaya a dajin Nijeriya.

Baƙin Turai na gama tafiya, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, sai wata baƙuwa ta sauka, ita kuma daga kudu. Ita ce shamuwa, baƙa mai farin ciki, wadda ke yin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta biyo hadari ta zo. Ita a nan ta ke yin sheƙa, a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, tana cin fara da tsutsa a gonaki, ba mai jifanta. Manomin Karare in ya gan ta ya kan ɗauko fartanyarsa ya duba ƙotarta, ya fito da iri daga rumbu.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsuntsaye ke taruwa wuri guda da farkon bazara?
2. Me aka gani a wuyan shamuwar da aka harbo a Jamus a 1822?
3. Mene ne guzurin tsuntsu in zai ƙetare Sahara?
4. Ina ya kamata rana ta kasance in za a ɗauki hoton tsuntsu?