Nankarwar Da Ba Ta Ciki Ba: Darasi A Kan Magani Da Fatar Jiki

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata ɗalibarmu ta komo daga dogon hutu fuskarta ta cika ta yi zagaye, ga kuma zane-zane masu duhu a cikinta da cinyoyinta. 'Yan ɗakinsu suka gani a wurin wanka. Kafin mako ya zagayo, zance ya gama makaranta cewa ta yi ciki a gida an zubar. Gaskiyar kuwa ita ce ciwon ƙoda ya kama ta, jikinta ya kumbura, likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya mai suna prednisolone na wasu watanni. Don kunya sai ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Ba a yi kwana biyar ba ta fara amai da jiri, ta kasa tsayawa da ƙafafunta, aka ɗauke ta da dare zuwa asibiti. Allah ya taimake ta ta rayu, ta kuma yarda in ba da labarin ba tare da sunanta ba. Dominta na shirya wannan darasi.

Mene Ne Nankarwa?

Fatar mutum hawa-hawa ce. Akwai ta sama wadda muke gani. A ƙarƙashinta akwai mai kauri, cike da zare iri biyu: kolajin mai ba ta ƙarfi, da ilastin mai sa ta miƙe ta koma kamar roba. Ku dubi tsohon zane da aka ja fiye da ƙima. Bai yage ba, amma zaren ciki ya tsintsinke, wurin ya yi shara-shara. Haka nankarwa take, watau tabo ne da ke ƙarƙashin fata. Tana fitowa ga mai ciki, da yaron da ya yi saurin tsawo lokacin balaga, da wanda ya yi ƙiba farat ɗaya. Maza ma suna yin ta. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuwa rashin tsabta ke kawo ta ba.

Yadda Magani Ke Kawo Ta

A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadari mai suna kotisol, wanda ke riƙe da bugun jini da sukarin jiki, yana kuma kwantar da kumburi. A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Philip Hench ya fara ba mai ciwon amosanin gaɓɓai maganin da ya yi kama da wannan sinadari, ta kuwa sami sauƙi cikin 'yan kwanaki. A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da wasu masana biyu. Dangin wannan magani su ake kira sitiroyid. Sun ceci rayuka masu yawa na masu asma, da ciwon ƙoda, da amosanin gaɓɓai.

Amma idan sitiroyid ya yi yawa a jiki, ya kuma daɗe, sai ya hana fata saƙa sabon zare, ya kuma tara kitse a fuska da ciki da ƙeya. Ga fata ta yi rauni, ga abin da ke tura ta daga ciki, dole ta tsage. Wani lokaci kuwa ba magani ba ne, jikin ne da kansa ke fitar da kotisol fiye da ƙima saboda wani tsiro. Likita Harvey Cushing ya bayyana wannan ciwo a 1932, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ciwon hanta ko na ƙoda mai tara ruwa a ciki shi ma yana iya miƙe fata har ta yi nankarwa.

Ƙofofi Uku

A ƙasarmu ta Bagudo sitiroyid yana shiga jikin mutane ta ƙofofi uku.

Ta farko ita ce hannun likita. Wannan da dalili, da awo, da kuma ranar da za a fara ragewa.

Ta biyu ita ce ƙwayar kasuwa. 'Yan mata masu son su yi jiki suna sayen abin da ake kira “sha ka fashe”, wanda sau da yawa akwai dexamethasone a ciki. Manoman shinkafa da masunta na bakin Kwara kuma sukan sayi haɗin ƙwayoyi a ƙulle cikin leda don ciwon jiki, ba su san akwai sitiroyid a ciki ba. Ku lura da ƙarfinsa: ƙasa da miligiram 1 na dexamethasone daidai yake da miligiram 5 na prednisolone, wanda kuwa ya yi kusa da abin da jiki ke bukata a yini guda. Mai shan ƙwaya uku ko huɗu kullum yana ɗora wa jikinsa kaya a kan wanda yake ɗauke da shi. Ƙibar da ake gani ba ta lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse, hannuwa da ƙafafu kuwa sai su rame.

Ta uku ita ce man shafawa na sa fari. Da yake muna bakin iyaka, kaya suna shigowa ta Tsamiya daga wajen Segbana, da ta Lolo daga wajen Madekali da Malanbil, da yawansu da rubutun Faransanci. Kada rubutun ya ruɗe ku, gama sunayen kusan ɗaya ne a harsunan biyu. In kun ga clobetasol ko betamethasone a jikin kwali, ku sani magani ne mai ƙarfi wanda likita kan bayar na makonni kaɗan don wata cutar fata, ba man kwalliya ba ne. Wanda ke shafa shi a dukan jiki wata da watanni, yana ratsa fata ya shiga jini. Dokar hukumar NAFDAC ta hana sa sitiroyid a kayan shafe-shafe, a 2023 kuma hukumar ta ce shafa man fari ya zama babbar barazana ga lafiyar al'umma. Ƙasar Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015.

Yadda Za A Gane Bambanci

Nankarwar balaga siririya ce, takan fito a cinya, kwatangwalo, ƙirji ko gadon baya, mai ita kuwa lafiya lau yake. Ta sitiroyid tana da faɗi, wani lokaci kamar yatsa, tana da duhu ko ja-ja, takan fito a ciki da hamata da matsematsi. Sau da yawa tana tafe da zagayayyar fuska, tozo a ƙeya, ƙuraje, ciwo mai wuyar warkewa, wahalar tashi daga tsugune, ko rikicewar al'ada. Wanda ya ga waɗannan tare, ya tafi asibiti a auna masa jini da sukari, ya kuma riƙa kwalin duk abin da yake sha ko shafawa.

Abin Da Za A Yi

1. Kada a tsayar da sitiroyid farat ɗaya. Wannan shi ne kan darasin. Idan mutum ya sha shi fiye da mako uku, ƙullutan nan na bisa ƙoda sukan yi barci, gama sun ga ana kawo kotisol daga waje. In an yanke magani rana ɗaya, jiki ba shi da nasa, ba shi da na aro. Bugun jini ya faɗi, mutum ya suma, har ya iya mutuwa. Likita ne zai riƙa ragewa sannu sannu. Haka yake ko ga wanda ya saya da kansa a kasuwa.

2. A faɗa wa likita damuwar a fili. Yana iya rage awo ko ya canja magani. Mai asma da ke amfani da maganin shaƙa kada ya ji tsoronsa, gama abin da ke shiga jini ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai.

3. A rage gishiri da dunƙulen miya da kayan zaƙi, a riƙa motsa jiki, domin kada ƙiba ta ƙara jan fata.

4. A shafa man kaɗanya don fata ta yi laushi, ƙaiƙayi ya ragu. Amma kada a sa rai zai share zanen.

5. A san iyakar magani. Babu man da ke goge nankarwa sarai, ko da mai talla ya rantse. Likitan fata yakan ba da wani mai, tretinoin, wanda ke rage sabuwar nankarwa, sai dai an hana shi ga mai ciki. Akwai kuma gyara da na'urar haske a manyan birane, mai tsada ne, yana kuma iya barin baƙin tabo a fata irin tamu. Mai neman likitan fata sai ya nufi babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

6. A guji gogawa da lemun tsami, toka ko kanwa, da yin tsaga. Waɗannan tabo suke ƙarawa a kan tabo.

7. A yi haƙuri. Bayan an rage magani fuska takan koma daidai cikin watanni, zanen kuma ya dushe a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu, ko da yake ba ya ɓacewa duka.

Namu Hakkin

Abin da ya kusa kashe ɗalibar nan ba ciwon ƙoda ba ne, ba kuwa magani ba ne, bakinmu ne. Ɗalibai, in kun ga nankarwa a jikin ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ba ku san abin da ya sha fama da shi ba, sai ku kame baki. Iyaye, ku sanar da mai kula da ɗakin kwana irin maganin da ɗanku ke sha. 'Yan zumuntar mata, ku tattauna zancen man fari da “sha ka fashe” a taronku, gama abin da uwa ta ajiye a gaban madubi shi 'yarta za ta ɗauka. Kai kuma mai ɗauke da wannan zane, ba laifi ka yi ba. Sha maganinka yadda aka ce, ka koma asibiti ranar da aka sa maka.

Tambayoyi Don Nazari

1. Wane sashe na fata ne ke tsagewa har nankarwa ta fito?
2. Faɗi ƙofofi uku da sitiroyid ke shiga jiki.
3. Don me yake da haɗari a tsayar da shi farat ɗaya?
4. Duba mayukan shafawa da ke gidanku, ka rubuta sunayen sinadaran da ke jikin kwalayensu.
5. Da kana cikin 'yan ɗakin ɗalibar nan, me ya kamata ka yi?