Tsohuwar Mota da Kulant Marar Ruwa: Shawarwari Ga Magidanta

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma har yau ana ganin 504 da a-kori-kurarta suna jigilar gero da dawa tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi. A Turai da Amurka irin waɗannan motoci kayan tarihi ne, sai ranar biki ake fito da su. A ƙauyen Tungar Daji kuwa su ne abincin gida. Masu adana su a Turai da Amurka sukan zuba musu wani ruwan sanyaya inji, wato kulant, wanda babu ruwa a cikinsa, irin na kamfanin Evans na Amurka. Kafin ka aika a sayo maka, ga abin da ya kamata ka duba.

1. Ka san abin da za ka saya. Sinadarin gilaikol ne kusan zalla. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa sai ya haura 180. Ba ya kawo tsatsa, ba ya tara tururin da ke kumbura tiyo. Wannan alheri ne ga injin 504, mai gangar jiki ta ƙarfe da kai na alminiyam, domin ruwa yana cin su biyun.

2. Kada ka ɗauke shi maganin motar da ke zafi. Ruwa ya fi shi kwasar zafi nesa ba kusa ba, don haka allurar kan ɗan ƙara hawa bayan an zuba shi. Idan lagireto ya toshe da laka ko fambel ya saki, ciwon yana nan, tafasar da ke yi maka gargaɗi ce kawai ta ɓace. A bazara, da lodi har sama, inji zai iya gasuwa direba bai ga tururi ba.

3. Sharaɗinsa mai tsauri ne. Masu yin sa sun ce kada ruwan da ya rage a inji ya wuce kashi 3 cikin 100. Sai an zubar da tsohon tas, an wanke da wani sinadarin nasu, an auna. Ga shi 504 tana shan kusan lita 8, kuma da dala ake shigo da shi.

4. Ka yi lissafin hanyarka. Nan ne a ganina maganar ta yanke. Tiyo ya fashe maka tsakanin Tungar Daji da Anka, a ina za ka samo irinsa? Dole ka zuba ruwan jarka ka yi gaba, kuma a hanyoyinmu na yanzu babu mai hankalin da zai tsaya jira a daji. Da ka zuba, kuɗinka sun bi ruwa. Motar da ke kwana a rumfa wata da watanni a Gusau ko Sakkwato za ta amfana da shi. Wadda ke cin kasuwa kowane mako, ban ba ta shawara ba.

5. Abin da ya fi mata shi ne kulant na yau da kullum, a gauraya da ruwan batir wanda ba shi da asid, ko ruwan sama da aka tace. Ruwan rijiya da na gulbi suna barin ƙanzo a cikin lagireto. Ka sa bakanike ya wanke shi kafin watan Maris, ya duba murfi, ya canza tiyon da ya yi laushi, kuma kada ka yarda ya cire tamostat ya jefar. A riƙa sabunta kulant ɗin duk bayan shekara biyu.

6. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ka faɗa wa yaron mota, ka sake faɗa masa.

7. Uwargida, wannan taki ce tare da maigida. Yawancin kulant guba ne, ga launi mai jan ido, ga ɗan zaƙi, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro. Kada a juye shi a robar lemo, kada a bar shi inda awaki ke kaiwa. Yaro ya sha, a nufi asibiti nan take ko da yana wasansa, domin illar takan jinkirta. Tsohon da aka zubo daga mota ya fi muni: da dalma ake liƙe lagireton tagulla na dā, kuma tana narkewa a ciki. Tungar Daji na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shafa a 2010, tare da Dareta, Abare da Yargalma, inda yara fiye da 400 suka rasu a yankin, har sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Don haka a tare tsohon kulant a jarka mai murfi, a yi mata alama, a kai garejin bakanike. Kada ya taɓa tsakar gida ko bakin rijiya, kuma jarkar ba ta ƙara komawa ɗiban ruwa.