Kimiyyar Sinadarai a Madafin Inna

'Yan makarantar Tambuwal da Kebbe masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kada ƙarancin kayan gwaji ya karya muku gwiwa. Madafin inna ma ɗakin gwaji ne.

Ku jiƙa zoɓo, ku raba ruwan kofi biyu. Ku matsa lemon tsami a ɗaya, za ku ga jan ya ƙara haske: asid ke nan. Ku zuba ruwan kanwa ko na toka a ɗayan, sai launin ya rikiɗe ya yi duhu, ya doshi kore: alkali ke nan. Ashe lokacin da inna ke jefa kanwa a miyar sure don kashe tsami, darasin da ke ba ku wuya take yi, ba alli ba allo. Ku lura dakakkiyar kanwa take so, domin gari ya fi dunƙule saurin aiki. Zafi ma haka: nono ya fi saurin tsami da bazara bisa ga hunturu.

Lissafin mol kuwa, a ganina tsoronsa ya fi wuyarsa. Ku ɗauki sodar masu sabulu, NaOH: 23 da 16 da 1, mol ɗaya giram 40. Giram 4 cikin lita ɗaya mol 0.1 ne. Mol 0.1 na HCl zai kashe ta, amma asid ɗin ruwan batir, H₂SO₄, 0.05 ya isa, don haidurojin biyu yake saki. Nan ake yawan tuntuɓe.

Soda da ruwan batir dai suna cin fata, kada a gwada su a gida.