Shin Mugun Cikin Labari Ya Cancanci Tausayi?

Da hutun da ya wuce na je gida Bahindi, na tarar da kakata tana yi wa ƙannena tatsuniyar Gizo da kura. Gizo ya shirga ƙarya, ya cinye rabon kowa, ya jawo wa kura dukan kawo wuƙa, amma yara sai murna suke yi. Na tambayi kaina, me ya sa muke son macuci?

Dalili na farko shi ne, Gizo ba shi da ƙarfi. Yunwa ke korarsa, manyan dawa kuma sun fi ƙarfinsa, sai ya kama dabara. Duk wanda aka taɓa dannewa yakan ga kansa a jikin Gizo.

Na biyu, gwanin marubuci ba ya raba mutane gida biyu, na Allah da 'yan iska. Ku dubi Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Mun ɗauki Malam Zurƙe abokin gaba, alhali Alhaji Imam, tauraron littafin, shi ma yana yaudararsa, yana jefa shi cikin wahala. Da Zurƙe ne ya ba da labarin, wa za mu kira mugu?

Turawa sun gwada wannan. A majigin Sleeping Beauty na kamfanin Disney, na 1959, Maleficent muguwa ce tsantsa. A 2014 aka sake shirya labarin daga ɓangarenta, aka nuna wanda ta amince wa ne ya yanke mata fukafukai don ya samu sarauta.

To, amma a nan ne haɗarin yake. Jaririyar da ta la'anta ba ta yi mata laifin komai ba. Sanin dalilin mugunta ba ya wanke mai ita. Haka yake a ɗakunan kwananmu. Babban ɗalibin da ke cin zalin 'yan aji ɗaya yakan ce shi ma haka aka yi masa. Gaskiya ne, abin tausayi ne, amma yaron da ya mara bai ci bashinsa ba.

Saboda haka, in mun karanta labari, mu tambayi abu biyu: me ya kai mugun nan ga haka, kuma wa ya cuta? Allah Ya sa mu gane, amin.