Yadda ake dafa burkutu a Kafanchan

A Kafanchan da kewayenta, su Kagoro, Zonkwa da Manchok, burkutu sana'ar mata ce, kuma a bakin murhun uwa 'ya take koyonta. Mai son farawa ta soma da 'yan mudu na jar dawa, kada ta ce sai buhu.

A jiƙa dawar ta kwana, a tsane, a baza a inuwa a lulluɓe da ganye, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin kwana 3 zuwa 4 ta tsira. A shanya, a kai inji a niƙo. Wannan kam kowa zai iya.

Wajen damu ake gane gwana. Idan aka dama garin a babbar tukunya, sai a ƙyale shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama a kwashe shi a hankali da ƙoƙo, a ajiye gefe, ba ya ganin wuta tukuna. Na ƙasan ake dafawa, ana tuƙawa da muciya kada ya kama, har ya yi kauri kamar kunu. Abin da ke mai da gari zaƙi yana cikin ruwan nan da aka ajiye, tafasa kuwa kashe shi take yi. Mai gaggawa takan mayar da ruwan ciki kunun na ƙuna, aiki ya tashi a banza. Mai sakaci ta bari ya huce sarai, zaƙin ya ƙi fitowa. Tsofaffin hannu ba su da ma'auni, yatsa suke tsomawa. In an dace, za ka ga kunun ya tsinke da kansa. Sai ya kwana ya ɗauki tsami, a nan ma harshe ne alƙali: da bazara tsamin kan zo da wuri, da hunturu sai an jira.

Musulmi ba sa kusantar burkutu, fastocin cocin ECWA ma sun daɗe suna wa'azi a kanta. Duk da haka, a da ba a kiran gayyar noma babu tulun burkutu a bakin gona, kuma tukwane ba sa sauka daga wuta gabanin bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu. Zawarawa da yawa da ita suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Bayan kunun ya ɗauki tsami, a tace, a sake tafasawa na sa'o'i, itace kuwa yana ci. Dusar ta aladu ce, masu kiwo don kasuwar Katsit suna jiran ta. In ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ragowar burkutun da ta gabata, washegari kumfa ya taso.

Burkutu ba ta ajiyuwa, kwana biyu ta zama tsami zalla. Don haka a jiƙa dawa mako guda kafin ranar kasuwa ko ranar biki.